Tarihin Gyaran Rumbun Kwamfuta, Daga San Jose Zuwa Bakin Tafkin Kainji

Rumbun kwamfuta, wanda masu gyara ke kira had-dis, shi ne ɓangaren da ke riƙe duk abin da aka ajiye bayan an kashe na'ura: takardu, hotuna, lissafin shago, fina-finai, har da manhajar da ke tayar da kwamfutar kanta. Akwatin ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba. A cikinsa akwai faifai ɗaya ko fiye, na alminiyam ko na gilashi, an shafe shi da sinadari mai ɗaukar maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda. Wani siririn hannu ne ke kai da komo a kansa, a bakin hannun kuma akwai ɗan kan da ke rubutu da karatu. Wanda ya san garmaho zai gane siffar. Bambancin shi ne allurar garmaho tana gogar faifai, wannan kuwa ba ta taɓa shi: iskar da juyin faifan ke tayarwa ce ke ɗauke da ita, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. An zana fuskar faifan da'ira-da'ira kamar kunyoyin gona, kowace kunya an yanka ta gurbi-gurbi, gurbin nan shi ake kira sekta. Shekaru da dama kowace sekta bayit 512 take ɗauka, sai daga wajen 2010 masana'antu suka fara komawa 4,096.

Ciwon rumbu ba iri ɗaya ba ne. Wani lokaci faifan lafiya lau yake, kundin da ke nuna inda kowane fayil yake ne ya rikice. Wani lokaci fuskar faifan ce ta fara mutuwa, sekta bayan sekta. Wani lokaci kuma ƙarfen ne ko allon lantarkin da ke ƙasansa: mota ta cije, kan karatu ya karye, ko wuta ta ƙona wani ƙwaya. Manhaja tana maganin na farko, tana iya lallaɓa na biyu na ɗan lokaci, na uku kuwa ba ta da abin da za ta yi masa. Yawancin asarar da aka yi a wannan sana'a ta faru ne saboda an ba wa ciwo na uku maganin na farko.

Zamanin da ake gyara da gaske

Kamfanin IBM ne ya fito da rumbu na farko a 1956, aikin wata tawaga ƙarƙashin Reynold Johnson a garin San Jose na jihar Kalifoniya, Amurka. Faifai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, nauyin na'urar ya kusa tan guda, abin da take ɗauka kuwa haruffa miliyan 5 ne, wato bai kai hotuna biyu na wayar yau ba. Ba mai kai irin wannan wurin mai gyara. Injiniyan kamfani ne ke zuwa da kayan aikinsa. Haka abin yake lokacin da kwamfuta ta shigo Nijeriya, inda IBM ta buɗe cibiyar koyarwa a Jami'ar Ibadan a 1963. A 1968, shekarar da aka tare kogin Kwara a Kainji, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da tsibiran Gungawa, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni, rumbun kwamfuta yana nan da girman ƙaramin firiji, kuma sai manyan hukumomi da jami'o'i ke da shi.

Abu biyu suka sauya lamarin. A 1973 IBM ta fitar da samfurin 3340, wanda aka yi wa laƙabi da Winchester, inda aka rufe faifai da kan karatu a gida ɗaya. Sannan a 1980 kamfanin da Alan Shugart ya kafa, wanda ya zama Seagate, ya fitar da ST-506 mai megabayit 5 da faɗin inci 5.25. Da IBM ta saka rumbu mai megabayit 10 a kwamfutarta ta tebur a 1983, sai rumbu ya shiga ofisoshi da gidajen da ba su da injiniyan kamfani. Daga nan buƙatar manhajar duba lafiya ta taso.

Cikin mafiya tsufa da har yau ake amfani da su akwai CHKDSK, wadda ta zo da tsarin da Tim Paterson ya rubuta a 1980, tsarin da Microsoft ta saya ta mayar MS-DOS. Aikinta duba kundi ne: ta bi jerin fayiloli, ta ga ko akwai gurbin da fayil biyu ke jayayya a kansa, ko gurbin da aka ce yana da mai shi alhali ba shi da. A 1982 Peter Norton ya fara sayar da tarin manhajojinsa, kuma wadda ta yi masa suna ita ce mai dawo da fayil ɗin da aka goge. Sirrin ba wani mai zurfi ba ne. Idan aka goge fayil a tsarin DOS, ba a share abin da ke cikinsa. Harafin farko na sunansa kawai ake maye wa da wata alama, a ce wurinsa ya zama fili. Manhajar Norton sai ta tambayi mai kwamfuta harafin da ya ɓata, ta mayar da shi. Wannan ƙa'ida ce har gobe ke riƙe da sana'ar ceto bayanai: abin da aka goge yana nan, muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba.

Rumbunan wancan zamani bebaye ne. Wani allo daban a cikin kwamfuta ke sarrafa su, masana'anta kuma takan manna takarda a jikinsu da jerin wuraren da suka fito da aibi, mai haɗawa ya shigar da lambobin da hannu. Motar da ke tura kan karatu taki-taki take tafiya, ba ta duba inda ta sauka, don haka zafi da tsufa sukan sa kan ya kauce wa kunyar da aka zana tun farko, rubutu ya gagara karantuwa. Maganin shi ne a sake zana kunyoyin daga tushe. SpinRite, wadda Steve Gibson ya fitar a ƙarshen shekarun 1980, ta shahara ne don tana yin haka ba tare da an rasa bayanai ba: ta ɗauke abin da ke kunya, ta sake zana ta, ta mayar. A wannan zamanin kalmar gyara tana da cikakkiyar ma'anarta.

Zamanin bai daɗe ba. Daga 1986, da tsarin IDE da Western Digital da Compaq da Control Data suka ɓullo da shi, allon sarrafawa ya koma jikin rumbun. Alamomin da ke yi wa kan karatu jagora aka riƙa rubuta su a masana'anta sau ɗaya tak, kuma babu manhajar gida da ke iya sake su. Rumbun ya sami tasa manhajar ta ciki, da sektocin ajiya da yake ɓoyewa. Idan sekta ta lalace, shi da kansa yake sa ta a jerin matattu, ya ɗauko wata daga ajiya, kwamfuta ba ta ma sani ba. Sunan tsohon aikin dai bai mutu ba. Har yau akwai manhajojin da ke cewa suna yin fomat na tushe, alhali abin da suke yi shi ne rubuta sifili daga farkon rumbu zuwa ƙarshensa.

Rumbu ya sami baki

Tunda rumbun ya koma ɓoye aibinsa, sai aka buƙaci hanyar tambayarsa. IBM ta fara a 1992 da wani tsarin hasashen lalacewa a manyan na'urorinta. Compaq ta haɗa kai da masu ƙera rumbu ta yi nata, ta miƙa shi ga kwamitin masana'antu a 1995, daga nan aka sami abin da ake kira SMART. Rumbun yana riƙe da ƙididdiga a kan kansa, kowane abu da lambarsa. Lamba 5 ita ce yawan sektocin da aka riga aka maye. Lamba 9 sa'o'in da ya yi a kunne. Lamba 12 sau nawa aka kunna shi. Lamba 194 zafin jikinsa. Lamba 197 sektocin da suka gagara karantuwa, ana jiran a ga makomarsu. Lamba 199 kuwa kuskuren da ke faruwa a hanya tsakanin rumbu da kwamfuta, wanda galibi laifin waya ne. Rumbuna da yawa an yanke musu hukuncin kisa alhali canza waya kawai suke buƙata.

Manhajar da ta buɗe wa kowa wannan ƙididdiga kyauta ita ce smartmontools, wadda Bruce Allen, masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Wisconsin da ke Milwaukee, ya fara a 2002 saboda yana kula da tarin kwamfutocin bincike masu ɗimbin rumbuna. A 2008 wani ɗan Japan, Noriyuki Miyazaki, ya fitar da CrystalDiskInfo, wadda ta mayar da lambobin launi: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja an shiga uku. Launin nan ne ya sa ta karɓu wurin wanda bai iya Turanci sosai ba.

Shin rumbu yana faɗin gaskiya? A 2007 wasu injiniyoyin Google uku, Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber da Luiz André Barroso, suka wallafa nazari a kan rumbuna fiye da 100,000. Sun gano cewa rumbun da ya nuna kuskuren binciken fuska ko da sau ɗaya, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka na lafiyayye sau 39. Amma kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba ko kaɗan. Wato idan ya yi ƙorafi a gaskata shi, idan ya yi shiru kada a saki jiki. Nazarin ya kuma nuna cewa matsakaicin zafi ba ya kashe rumbu kamar yadda ake zato, sai dai a ɗakuna masu na'urar sanyaya aka yi shi, ba a shagon kwano ba a watan Afrilu a Yelwan Yawuri, inda zafi kan haura digiri 40 a inuwa.

Hanyar da ya bi zuwa ƙasar Yawuri

Masarautar Yawuri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yawuri mai hedkwata a Yelwa, Shanga, da Ngaski mai hedkwata a Warra a gaɓar tafkin. Tun da aka ƙirƙiri jihar Kebbi a watan Agustan 1991, aikin takarda ya ƙaru a sakatariyoyi da makarantu, amma tafireta ce ta daɗe tana ɗaukar nauyinsa. Abin da ya jawo kwamfuta zuwa irin waɗannan garuruwa shi ne tilas. Wayar salula ta zo a 2001. Hukumomin jarrabawa suka mayar da rajista intanet, JAMB ta fara jarrabawa a kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole a 2015. Lambar BVN ta bankuna ta zo a 2014, ga kuma lambar ɗan ƙasa ta NIN. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya samar wa shagon kwamfuta abokan ciniki: mai buga takarda, mai ɗaukar hoton fasfo, mai cike fom. A farkon 2011 kuma hukumar zaɓe, ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ɗan jihar Kebbi, ta rarraba na'urorin rajista 132,000 a faɗin ƙasa, kowacce kwamfutar cinya ce da kyamara da abin ɗaukar zanen yatsa. Sunayen masu zaɓe na kowace rumfa a rumbun kwamfutar da aka yi rajistar suka fara zama kafin a tattara su.

Kwamfutocin shaguna kuwa akasarinsu na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam. Ta tashar jiragen ruwa ta Legas suke shigowa, su bi ta kasuwar Alaba da ƙauyen kwamfuta na Ikeja, sannan su hau babbar hanyar da ta ratsa Ilori, Jebba, Mokwa da Kontagora zuwa Yelwa, Koko, Jega da Sakkwato. Wasu kuma su zagayo ta Kano, daga titin Beirut da kasuwar Farm Centre. A 2005 ƙungiyar Basel Action Network ta Amurka ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke sauka Legas duk wata, kuma 'yan kasuwar da kansu sun ce har kashi 75 cikin ɗari na iya zama tarkace. Ma'anar wannan ga mai gyara a Warra ita ce rumbun da ya zo hannunsa ya riga ya yi rayuwa guda a wani ofishi a Ingila ko Jamus. Shekara tana da sa'o'i 8,760; rumbun da lamba 9 ta nuna masa 30,000 ya yi fiye da shekara uku yana juyi ba hutu kafin ya ga Nijeriya. Saboda haka tambayar rumbu a nan tun a wurin saye take farawa, kamar yadda mai sayen sa yake buɗe bakinsa ya duba haƙora. Amma ƙididdigar ma ana iya yi mata kwaskwarima. A farkon 2025 aka bankaɗo a Jamus cewa an sayar da rumbunan Seagate da suka yi dubban sa'o'i suna aiki a matsayin sababbi, an mayar da lissafin SMART sifili. Wani kundi na biyu da ke can ciki, mai suna FARM, shi ya tona asirin.

Sai maganar wuta. Tashar Kainji, da aka ƙaddamar a 1969, tana da injuna 8 masu jimillar ƙarfin megawat 760, kuma tun shekarun 1970 wutarta ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Duk da haka garuruwan bakin tafkin, waɗanda rabon wutarsu ke hannun kamfanin rarraba wuta na Kaduna, suna fama da ɗaukewar wuta kamar sauran ƙasar, shaguna kuma da janareta da sola suke rayuwa. Wannan shi ne abin da ya fi kowane tsara aikin mai gyara a yankin. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, abu biyu kan faru. Kundin fayiloli yakan tsaya rabi a sabon hali rabi a tsohon, musamman a tsohon tsarin FAT. Tsarin NTFS, wanda ya isa hannun talakawa da Windows XP a 2001, yana da littafin niyya da yake rubutawa kafin ya taɓa kundi, don haka ya fi jurewa. Na biyu, sektar da ake kan rubutawa takan rage rabi, lissafin tantancewarta ya ƙi daidaita, rumbu ya sa ta a lamba 197. Irin wannan sekta jikinta lafiya, rubutun ne gurgu. Da an sake rubuta wani abu a kanta sai ta warke, lambar ta koma sifili. A nan ne kawai manhaja ke warkar da lalatacciyar sekta, wato bad sekta, da gaske, kuma yawan irin wannan nasara a ƙasar da wuta ba ta tsayawa shi ya ba wasu manhajoji sunan da ya fi ƙarfinsu. Dawowar wuta da ƙarfi kuwa allon ƙasa take ƙonawa. A da ana cire allon wani rumbu irinsa a ɗaura. A rumbunan baya-bayan nan dole a ciro ƙwayar da ke riƙe da saitin wannan rumbu shi kaɗai a mayar kan sabon allon, aikin da ya fi kusa da hannun mai gyaran waya.

Kayan aikin shago

Sana'ar ba a makaranta ake koyon yawancinta ba. Yaro yakan zauna wurin maigida, ya fara da sa Windows da cire ƙura, har ya kai ga a ba shi kwamfutar da ta ƙi tashi. Jakar kayan aikinsa a da faifan CD ne guda, mafi shahara Hiren's BootCD, wanda ke tayar da kwamfuta ba tare da an bi ta rumbun da ke ciwo ba. Yanzu filashi ya maye gurbinsa. Abin lura shi ne da yawa daga cikin manhajojin da ke ciki ba daga Amurka suka fito ba. MHDD ta Dmitry Postrigan da Victoria ta Sergei Kazansky na Belarus sun fito ne daga ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, haka ma na'urar PC-3000 ta kamfanin ACE Lab da ke Rostov a Rasha, wadda manyan masu ceto bayanai na duniya ke amfani da ita. Dalilin a fili yake: a shekarun 1990 mutanen can ma ba su da kuɗin jefar da rumbu don ya yi tari.

Victoria da MHDD suna bin fuskar faifai gurbi-gurbi, suna auna tsawon lokacin da kowane yanki ya ɗauka kafin ya amsa, suna zana shi a allo. Mai saurin amsawa toka-toka, mai jinkiri kore, wanda ya fi shi ruwan lemo, mai nauyin baki ja. Gwani ba adadin kawai yake dubawa ba, har da yadda suka kwanta. Jajaye a dunƙule wuri ɗaya alamar rauni ne a fuska, watakila kwamfutar ta faɗi tana kunne ko ta sha girgiza a bayan babur. Jinkirin da ke zuwa yana wucewa a tazara daidai-daidai kuwa yakan nuna kai ɗaya daga cikin kawunan karatu ne ya raunana. HDD Regenerator ta fi su suna a shaguna, saboda tana iƙirarin farfaɗo da maganaɗisun sekta. Abin da ake iya tabbatarwa shi ne tana nacin karatu da sake rubutu har rumbu ya warkar da sektar ko ya maye ta. A kan rubutun da wuta ta gurgunta tana aiki. A kan faifan da ya karce kuwa, kwana biyu tana nika wuri ɗaya ƙarasa shi take yi.

Hukunci iri ɗaya ya hau kan CHKDSK. Burinta kundi ya daidaita, ba ruwanta da darajar abin da ke ciki. Idan ta tarar da fayilolin da ba ta gane ba, sai ta yanka su gutsi-gutsi ta zuba a wata folda mai suna FOUND.000, ba suna ba tsari. A bar ta ta yi aiki a kan rumbun da ke mutuwa, wanda hotunan biki ko sakamakon jarrabawar makaranta guda ke ciki, gyaran gangar Auzinawa ne.

Ƙa'idar da ƙwararru suka tsaya a kai ta bambanta: kwafi kafin gyara. Kayan aikin shi ne GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya fitar a 2004. Dabararta irin ta manomin gaɓar tafki ce da ruwa ya taso wa gona: ba ya tsayawa jan abin da ya riga ya nutse, sai ya kwashe na tudu tukuna. Tana kwafe wuraren da ke karantuwa da sauri zuwa lafiyayyen rumbu, ta tsallake masu wuya, ta riƙe taswirar inda ta tsaya, sannan ta dawo ta riƙa gutsurar gefen wuraren da suka lalace. Taswirar nan ta sa ko wuta ta ɗauke, aikin daga inda ya tsaya zai ci gaba, abin da ya mayar da ita kamar don wannan ƙasa aka yi ta. Bayan an sami kwafi ne ake sakin TestDisk ta Christophe Grenier na Faransa, wadda ta fara fitowa a 1998, ta nemo fatishan, wato yankin rumbu, da ya ɓata, ko 'yar'uwarta PhotoRec, wadda ba ta kula kundi sam, tana gane hoto ko takarda daga alamar da ke farkon jikinsu. Cikas ɗin dai na kuɗi ne: kwafi yana buƙatar wani rumbu mai girman na farko ko fiye, ba kowane shago ke da shi a ajiye ba, ba kuma kowane abokin ciniki ke yarda ya biya ba.

Wani lokaci ciwon a manhajar cikin rumbun yake. Shahararren misali shi ne Seagate Barracuda 7200.11, wanda kamfanin ya amsa aibinsa a watan Janairun 2009. Idan aka kashe shi daidai lokacin da wani lissafinsa na ciki ya tsaya a kan lamba 320, da an sake kunnawa sai ya ƙame, kwamfuta ba ta ganinsa, alhali bayanai suna nan ba abin da ya taɓa su. Tunda a kunnawa ciwon ke kamawa, inda ake yawan ɗauke wuta ya fi shiga haɗari. Masu gyara a duniya suka gano cewa idan aka yanke wayar Nokia CA-42, irin wadda ake haɗa tsofaffin wayoyi da kwamfuta, aka jona ta da wasu ƙananan ƙafafu a bayan rumbun, ana iya yi masa magana kai tsaye a share kuskuren.

Inda manhaja ta tsaya shi ne ƙarar ƙwas-ƙwas, wato kan karatu yana neman alamar jagora yana rasawa, yana komawa yana bugun madogara. Kunne ya riga kowace manhaja gane wannan, kuma abin yi shi ne a kashe nan take. Dabarar sa rumbu a firiza, wadda ta yaɗu tun zamanin tsofaffin rumbuna, raɓa take tarawa a kan faifai, balle da damina a bakin ruwa. Buɗe murfin a shago ya fi muni, musamman da hunturu: ɗan hakin da aka raina, a tazarar da kan karatu ke shawagi, dutse ne. Canza kai sai a ɗaki mai tace iska, da wani rumbu irinsa sak da za a yanka, kuma irin wannan aiki sai manyan birane kamar Legas da Abuja, a kan kuɗin da sau da yawa ya fi na kwamfutar.

Masu turi, da abin da ya biyo baya

Ambaliyar da ta mamaye masana'antun Tailan a watan Oktoban 2011 ta sa farashin rumbu ya ninka a kasuwanni da dama, kuma a wannan tsakanin ne masu ƙerawa suka haɗiye juna har suka rage uku: Seagate, Western Digital da Toshiba. A daidai lokacin ne kuma wata sabuwar sana'a ta mayar da rumbu jari a ƙasar Hausa. Da kasuwar faifan CD ta fina-finan Hausa ta durƙushe, masu turi suka maye gurbinta: saurayi da kwamfutar cinya da rumbun waje mai terabayit ɗaya ko biyu, yana tura fim, waƙa, wa'azi da fassarar fina-finan Indiya zuwa memorin waya, a tasha ko ranar kasuwa. A wurinsa mutuwar rumbu gobarar shago ce. Rumbunan waje kuma su suka fi shan wahala, don ana fizge wayarsu ana tsakiyar rubutu, suna faɗuwa daga benci suna kunne. Wata cutar da ta addabi wannan sana'a ma ba ta rumbu ba ce: ƙwayar bairos ce mai ɓoye folda ta bar gajerun hanyoyi na bogi, mai kaya ya ɗauka komai ya tafi, alhali umarni ɗaya na attrib ke fito da su.

Ƙa'idar Norton, cewa abin da aka goge yana nan, tana da ɗaya fuskar. Masu binciken Basel Action Network na 2005 sun sayi rumbuna a kasuwannin Legas, suka tarar da takardun sirri na hukumomi da mutanen ƙasashen da suka fito. Haka rumbun da ya bar ofishi ko asibiti a nan yake tafiya da abin da ke cikinsa, domin fomat na gaggawa kundi kawai yake sharewa. Shafewa ta gaskiya sai an rubuta a kan kowace sekta, da manhaja irin DBAN ko da umarnin shafewa da ke cikin rumbun kansa, wanda hdparm ta Mark Lord ke iya aikawa. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa hukumomi da kamfanoni alhakin bayanan mutane da ke hannunsu.

Kwamfutocin hannu da ke shigowa yanzu da yawansu SSD ke ciki, ma'adana mai ƙwayoyin lantarki da ba ta da faifai ko mota. Ba ta tsoron girgiza, ba ta ƙara, kuma smartmontools da CrystalDiskInfo suna karanta ta, suna nuna kashi nawa na ƙarfin rubutunta ya ƙare. Amma takan mutu farat ɗaya ba sallama, sannan umarnin TRIM yana sa ta share wurin fayil ɗin da aka goge jim kaɗan bayan gogewa, ta yadda PhotoRec ba ta tarar da komai. Rumbunan faifai da aka cire daga kwamfutoci ana sa su a kwanson USB su koma hannun masu turi, ko na'urorin kyamarar tsaro. Wanda Victoria ta cika wa allo da ja kuwa yakan ƙare wurin 'yan gwangwan, a raba alminiyam ɗin gidan da allon lantarki a auna kowanne daban, a ɓamɓaro maganaɗisun da ke tura hannun karatu, wanda makanikai da masu gyaran waya ke riƙe ƙananan kusoshi da shi.